Kafin a Zuba Siminti a Bayan Gidanka

Sabon Gari, Maraɗi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Magaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka Hadiza da 'yar jikata Nana. Allah Ya sa kun shiga sabon gidanku a sa'a, Ya tsare ku daga sharrin dare da na rana, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari a wannan sabuwar unguwa ta hanyar Tsibiri.

Za ka yi mamakin ganin takarda a cikin kayanka, alhali tsakanina da kai kabu-kabu ɗaya ne. Ka dai san yadda muke. Kai ne ɗan fari, ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa ba, kuma in muka zauna ba ma wuce gaisuwa da zancen kasuwa. Abin da ke bakina yana da tsawo, ba zan iya faɗinsa ina kallon idonka ba.

Innarka ta ce mini ka yi magana da magini, zai zo Asabar ta sama ya zuba siminti a filin da ya rage bayan ɗakunanka, daga bango zuwa bango. Gidanka ne, guminka ne, ba zan hana ka ba. Roƙona kawai ka karanta wannan kafin ya zo.

Shekarar da aka haife ka kasuwar atamfa ta buɗe mini, na gina gidan nan da ka tashi a ciki. Na sa aka shafe tsakar gida da filin bayan ɗakuna duka da siminti, ban bar ko tafin hannu na ƙasa ba. A ƙauye na tashi, cikin rairayi da kashin awaki, sai nake ganin duk wanda Allah Ya buɗa wa bai kamata ƙafar iyalinsa ta taka ƙasa ba. Baƙi suna shigowa suna yabawa, ni kuwa ina jin daɗi.

Kana shekara biyu Baba ya rasu, na je Tsibiri na ɗauko Iya, kakarka, don ta huta a wurina. Kayanta ba su da yawa, amma a cikin ƙwaryarta akwai tsummoki ƙulle-ƙulle, kowanne da irinsa: kuɓewa, yakuwa, rama, gurji. Washegari na gan ta tana zagaya filin bayan ɗakuna da sandarta, tana ƙwanƙwasa simintin nan kamar mai neman ƙofa. Ta tambaye ni ko za a fasa mata ɗan lungu ɗaya. Na yi dariya, na ce ta gama wahala, ga kasuwa nan kusa, duk ganyen da take so a sayo mata. Ba ta sake tambaya ba.

Sai ta samo tsofaffin kwanoni da wani fasasshen baho, ta sa aka ɗebo mata ƙasa daga bakin titi, ta shuka. Suna tsirowa da kyau, amma da rana ta take sai simintin ya ɗau zafi ya dafa saiwar daga ƙasa. Sau uku tana sakewa. Ranar da aka yi ruwan farko na damina ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallon ruwa yana gudu a kan siminti, yana bin rariya yana fita titi, ko ɗigo bai tsaya ba. Ina tsaye kusa da ita. Ta ce, a hankali:

"Ɗanjuma, gidanka ba ya shan ruwa."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Damina biyu ta yi a wurinmu, tana ci tana sha, ba wanda ya ɓata mata rai, amma kullum tana zaune hannu a cinya. Daga nan ta ce in mai da ita Tsibiri wurin baffanka Sale. Na ji haushi, na ɗauka raini ne ga abin da na yi mata. Shekara uku ta ƙara a can, Allah Ya karɓi abinsa.

A zaman makoki aka kawo mana tuwo da miyar yakuwa. Matar Sale ta ce daga garkar Iya aka tsinko, wadda ke bayan ɗakinta. Na tashi na je na duba. Wuri ne da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, an kewaye shi da kara, amma babu abin da babu a ciki, har kuɓewar da ba ta kai ga tsinka ba tana nan a jikin uwarta. A nan na gane abin da na hana ta. Ban iya ƙarasa tuwon ba.

Bayan sadakar arba'in na samo guduma na fasa simintin bayan ɗakuna da hannuna. Kwana uku ina yi, tafin hannuna duk ya yi kanta. Abin da na tarar a ƙarƙashi ya kashe mini jiki: ƙasa fara fat, tauri kamar dutse, tana warin ɗakin da aka daɗe da rufewa. Shekara bakwai ba ta ga rana ba, ba ta ga ruwa ba. Maƙwabcinmu Malam Isa ya leƙo ya ce wannan ta mutu, sai dai a kwaso wata da amalanke daga bakin gulbi. Na ce to, sai na dawo daga sarin kaya.

Kwana goma sha biyu na yi a tafiyar, aka yi ruwa biyu a bayana. Da na dawo, tun ban cire rigar tafiya ba innarka ta ce in zo in gani. Magaji, wurin nan ya yi kore shar. Lalo, tafasa, rukuɓu, har da yakuwa ƙafa biyu masu jan kara. Na tambaya wa ya shuka, aka ce ba kowa. Na durƙusa a wurin da babbar rigata, na daɗe ban tashi ba. Ƙwayoyin da ba su kai kan allura ba sun kwanta cikin duhu shekara bakwai, muna ta takawa a samansu, ba su ruɓe ba, ba su manta abin da aka halicce su su zama ba. Ruwa biyu kawai suke jira. Na yi karatu gwargwado, na sha jin malamai suna fassara yadda Allah ke rayar da ƙasa bayan mutuwarta, amma ranar nan ce na gani da idona, a bayan ɗakina.

Don haka ka dakata wa maginin nan damina ɗaya. A yi maka siminti a wurin wanki da wanke-wanke, a yi siririyar hanya daga madafa zuwa makewayi saboda taɓo, sauran ka bar shi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka fito ka tsaya ka kalla: ina yake taruwa, ina yake gudu, ina ne ke fara bushewa. Inda yake kwanciya nan ne wurin itace, inda yake tsanewa da wuri nan ne wurin fangali. Ka sa tano, wato gangar tara ruwa, a ƙarƙashin indararo, wanda ya cika ya zuba kuma ka yi masa 'yar hanya zuwa gindin shuka. Ruwan da ya sauka a kan rufinka rabonka ne, kada ka kore shi titi.

Bayan wannan abin da na gani sai zumuɗi ya kama ni, kuma zumuɗin nan ya sa na yi ɓarna. Na hau babur na tafi Jiratawa wurin masu noman rani. Ka san yadda wurin yake, ka fito daga jan rairayi sai kawai ka faɗa cikin kore, zogala da albasa da tumatur iya ganinka, ruwa yana bin 'yan hanyoyinsa kamar an yi masa umarni. Na sami wani dattijo mai sayar da dashe, Malam Tanko, na ce ya ba ni kowane iri. Bai tashi ba. Ya tambaye ni ta wane bango rana ke fara shigowa gidana, ina inuwa take tsayawa da azahar, kuma taku nawa ne daga famfo zuwa wurin shukar. Shekara bakwai ina kwana a gidan, ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya ce in koma in duba in dawo, dashe ba ya gudu. Na ga kamar yana ɓata mini lokaci, na wuce wurin na gaba da shi na saya.

Mangwaro biyu na kawo. Ɗaya na dasa a tsakiyar fili don ya yi kyan gani, ɗaya a jikin bangon da ke tsakaninmu da Malam Isa. Suna ƙanana ba su dami kowa ba. Shekara biyar na tsakiyar ya buɗe ya rufe rabin garkar, duk abin da na shuka a ƙarƙashinsa sai ya yi tsawo siriri ya faɗi. Na jikin bangon kuwa saiwarsa ta bi ta ƙasa ta tsaga ginin mutane. Malam Isa mutumin kirki ne, bai ce komai ba sai da tsagar ta kai hannu yana shiga. Dole na sare shi, kuma a shekarar da ya fara 'ya'ya sosai. Yana faɗuwa da ɗanyun 'ya'yansa a jiki na juya baya.

Kai kada ka dasa komai sai ka ba filin nan yini guda. Ka zaɓi ranar da ba ka aiki, ka shimfiɗa tabarma, ka ɗora shayi. Da hantsi ka ja layi da kara a bakin inuwa, da azahar ka ja, da la'asar ka ja. Ni sai da na yi asarar mangwaro na yi haka, kuma abin ya ba ni mamaki. Inuwa tana tafiya a gidan mutum kamar baƙon da ya san hanya, ba ta kuskure. Ka sake yin haka lokacin sanyi, za ka ga rana ta karkata kudu, bangon kudu ya jefo doguwar inuwa inda da babu. Itatuwa ka kai su yamma, su tare maka zafin la'asar na bazara, amma ka ja su taku huɗu manya daga kowane bango, naka ko na maƙwabci. Lemun tsami ɗaya da gwaiba ɗaya sun ishe ka a fili irin naka. Zogala ka jera ta kusa da bango, ba ta da inuwa mai nauyi, kuma in ta kai ƙirjinka ka sare kanta don ta yi rassa inda hannun mace zai kai. Fangaloli su samu ranar safe. Kada faɗin fangali ya wuce inda hannunka zai kai tsakiya daga kowane gefe, don kada a riƙa taka ciki.

Akwai kuma abin da na yi wa innarka. Da sanyin farko ya shigo na cika fangaloli da salati da shu, wato kabeji, da karas, irin abin da na gani a gidajen manyan ma'aikata. Ban tambaye ta ba, ban ma yi tunanin akwai abin tambaya ba. Kuma na kai su can ƙarshen gida, bayan turken raguna, inda sai ta zagaya ta buɗe ƙyaure biyu. Wata rana na ga an dawo mata daga kasuwa da kuɓewa da yakuwa, na hau faɗa, na ce ga garka a gida ana sayen ganye. Ta bari na gama, sannan ta ce:

"Alhaji, tuwo nake tuƙawa kullum. Da wanne cikin naka zan kaɗa miya?"

Da damina ta zo na ba ta kara na ce ta zana inda take so. Ta zana fangali uku daf da madafa, inda za ta iya barin tukunya a wuta ta tsinko ta dawo ba ta ƙone ba. Kuɓewa, yakuwa, alayyafo, barkono, albasa mai ganye. Ta sa lemun tsami a inda muke alwala, ya sha ruwan salla biyar bai taɓa neman ban ruwa ba. Tun daga ranar garkar ta zama ta gidan, da can tawa ce ni kaɗai.

Ka zauna da Hadiza ka tambaye ta abin da take aike a sayo kowace safiya. Shi za ku fara shukawa, kuma kusa da hannunta. Ku fara da kaɗan. Fangali uku da ake ba ruwa safe da yamma sun fi goma da aka gaji da su a wata na biyu. Ruwan wanke shinkafa da na alwala na shuka ne, na sabulu kuwa a kai shi gindin itace, kada ya taɓa ganyen da za a ci. Taki sai wanda ya ruɓe ya huce, ɗanyen kashin kaji ya taɓa ƙone mini fangali guda cikin kwana biyu. Kuma ka yi shinge tun kafin ka shuka, akuya ɗaya ta maƙwabta tana gama aikin wata uku kafin a idar da sallar la'asar.

Wata shekara tsutsa ta kama mini kuɓewa, wani a kasuwa ya ba ni magani a kwalba marar takarda, ya ce na auduga ne, ba abin da yake bari. Gaskiya ya faɗa. Na fesa ko'ina, tsutsa ta mutu. Muna da kabewa da ta hau rumfar madafa, tana ta fure, amma daga ranar sai furen ya buɗe ya bushe ya faɗi, ba ɗa ko ɗaya. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, a banza. Innarka ce ta lura. Ta ce da can in ta fito da sassafe tana jin rumfar tana gunji, yanzu shiru. Na kashe ƙudan zuma. Ban san su ne ke ɗaura auren furen ba. Sai da damina ta zagayo suka dawo, ban san daga ina ba, ban san wa ya gaya musu ba. Na tsaya na kalli ɗaya ta shiga fure ta fito jikinta duk rawaya, ta faɗa na gaba. Bayan kwana kaɗan ga ƙaramar kabewa kamar ƙwan zabo. Ni ina ganin ni ke noman, ashe akwai ma'aikatan da Allah Ya turo waɗanda ban taɓa gaisarwa ba. Kada ka shigo da irin wannan kwalba gidan da yara ke tsinkar abu su kai baki. Toka, da jiƙon 'ya'yan dogon yaro, da hannunka da sassafe, sun isa.

Kada ka ga kamar wasan tsofaffi ne. Ka tuna lokacin da aka rufe iyaka, kaya ba sa shigowa, na yi watanni ina buɗe shago ina rufewa ba ciniki. Ba ku san yadda abin ya kai ba, don ba a taɓa sauke tukunya babu miya ba. Zogalar nan ta jikin bango ita ta riƙe mu, a yi kwaɗo da rana, a yi miya da dare, ka tsinke ta yau bayan kwana goma ta mayar. Har gidan Malam Isa ana kai wa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ita na fi jin nauyi.

Kana shekara takwas, a sanyin nan da na shuka karas, na dawo daga kasuwa na tarar an tumɓuke layi guda cur, an mayar da su cikin ƙasa a karkace, duk sun yi yaushi. Kana tsaye a gefe, hannunka da gwiwarka duk ƙasa. Na tambaye ka, ba ka yi ƙarya ba. Ka ce so kake ka ga abin da suke yi a ƙasa, kuma ai ka mayar da su. Na ɗauki tiyon ban ruwa na dake ka dukan da ban taɓa yi maka ba, na ce kada in ƙara ganin ƙafarka a wurin. Ka yi biyayya. Shekara ashirin da biyar ke nan ban ƙara ganin ƙafarka a wurin ba. Ƙannenka sun yi ta shiga suna fita, kai ko an aike ka tsinko barkono sai ka tura wani.

Abin da ba ka sani ba, kwana ɗaya kafin nan ni ma na tumɓuke guda. Na duba hagu da dama ba kowa, na ja shi don in ga ko ya fara, na ga ɗan jan abu kamar ƙaramin yatsa, na yi ta juya shi a hannuna ina mamaki, sannan na mayar na danne ƙasa. Abin da ya ja hannuna shi ya ja naka. Da na durƙusa kusa da kai ranar nan mun duba tare, da yau ba sai na rubuta maka duk wannan ba, da ka riga ni sani. Ban taɓa ce maka na yi kuskure ba. Na yi kuskure, Magaji. Ka yafe mini.

In ka bar filin nan, ka ware wa Nana fangali ɗaya ƙarami, nata na kanta. Ta shuka abin da ta ga dama, ta cika masa ruwa, ta tone ta duba ko sau goma ne. Kada kowa ya tsawata mata. In kuma bayan ka karanta ka ga simintin ya fi maka, ka zuba, ba zan ce komai ba, kuma ba abin da zai ragu tsakanina da kai. Amma in ka fasa, ka aiko mini. Ina da ƙarfin riƙe kara in ja layi, kuma ina so mu yi yinin nan na kallon inuwa tare, ni da kai.

Allah Ya sa albarka a gidanka, ciki da baya. Ya ba ku ruwa mai amfani, Ya tsare ku daga cuta da gobara da mugun ido, Ya raya Nana da waɗanda za su biyo ta. Allah Ya jiƙan Iya da Baba, Ya sa mu cika da imani. Innarka tana gaishe ku, ba ta san abin da na rubuta ba.

Wassalam.

Mahaifinka.